Ina Dawakin Ɓauna Suka Tafi?

"Lafiya ƙalau na kwana. Sai yanzu da na gan ki ne jikina ya fara ciwo."

"To Allah ya ƙara sauƙi, Ango. Na ga dai ba ka yi wanka don zuwana ba, har yanzu rigar bara ce a jikinka."

Haka suka fara, ko jakar kayan aikinta ba ta ajiye ba. Mai cewa jikinsa ya fara ciwo mahaifina ne, tsohon direban tarakta, wanda ya yi shekara arba'in bisa kujerar ƙarfe. Mai kiransa Ango kuwa 'yata ce, bakanikiya mai garejin kanta da 'ya'ya biyu. Tun tana rarrafe yake ce mata Baƙin Mai, saboda ba ta da wurin wasa sai ƙarƙashin inji. Ni ne a tsakani, ɗan wannan kuma uban waccan, babu wanda nake iya mayar wa magana. Shi ya fi ƙarfina, ita kuma da na tsawata mata sai ya ce in fita daga sha'anin miji da mata.

Abin da ya tara mu a rumfar bayan gida ran nan Ɓauna ce, tsohuwar jar taraktar Baba. Wata takwas ke nan tana shan dizal ba ƙoshi, tana fitar da hayaƙi baƙi ƙirin, ga ƙarar da ke hana maƙwabta jin maganar junansu. Amma da an saukar mata da garma sai ta yi tari biyu ta mutu. Ni ke sayen man, ni ke ba maƙwabta haƙuri, kuma na gaji. Na kira mai sayen tsofaffin ƙarafa, ya ce zai zo da babbar motarsa bayan azahar. Baba ya ce sai dai a haɗa da shi a auna. Da ƙyar muka tsaya a kan magana ɗaya: idan Ɓauna ta ja garma daga wannan gefen gonar bayan gida zuwa wancan ba ta mutu ba kafin mutumin ya iso, ta tsira. In ta kasa, a yanka ta a loda.

Ni na kira 'yata, kuma ba don ta gyara ba. So nake ta gaya masa da bakin masana cewa abin nan ya ƙare, don ita kaɗai ce ke faɗa masa gaskiya ya yi dariya.

"Wa ya gayyato ki?" in ji Baba, yana gyara zaman hularsa.

"Ƙarar wannan gwangwanin. Tun daga gareji nake jin ta kullum, na ɗauka gini ake rushewa."

"Gwangwani? Je ki wanke bakinki. Ƙarfin doki saba'in da biyar ne a cikin ƙirjin nan."

"Da can ke nan. Na leƙa yanzu, jaki biyu na gani, ɗaya ma a kwance yake."

"Ke yarinya! Ranar da aka haife ki da ita na jawo babbar mota daga cikin laka, da kayanta da direbanta da surukar direban."

"Bara da ka ba ni labarin nan babu suruka a ciki."

"Bara ba ki isa jin sauran ba."

"To baɗi jirgin ƙasa zai zama, har da fasinjojinsa."

"Shi ma na taɓa ja. Kunyar matuƙin ce ta sa ba na faɗa."

Ta ajiye jaka ta naɗe hannun riga. Baba ya leƙa cikin jakar yana taɓe baki.

"Ina akwatin naki mai ƙarya? Ku 'yan zamani ai sai kun tambayi kwamfuta ko mota na da zazzaɓi."

"Na bar shi a gareji. Na nuna masa hoton Ɓauna, ya ce shi ba ya duba kayan tarihi."

"Tsoro ya ji. Ga nawa akwatin."

Ya zaro dogon sukundirebansa daga aljihun gefe. Tun ina yaro na san shi da shi. Tsawonsa ya kai kamu ɗaya, mariƙinsa na katako ya yi sumul ya yi baƙi saboda goguwa da kunne. Yakan ɗora tsininsa a jikin inji, ya manna mariƙin a kunnensa, ya lumshe ido, ya gaya maka abin da ke damun injin kafin a kwance ko noti ɗaya. Mutane daga nesa suke kawo masa injinan ban-ruwa da na jirgin kwale-kwale don ya saurara kawai.

"Tayar da ita mu ji," in ji 'yata.

Baba ya hau ya murɗa makulli. Ɓauna ta tashi da wani irin ƙwanƙwasa kamar maƙera goma na dukan ƙarfe ɗaya. Kajin da ke rumfar suka watse, hayaƙi ya turnuƙe mu. Na toshe kunne, 'yata ta yi ta ɗaga masa hannu har ya kashe.

"Kin ji lafiya?" ya ce yana saukowa, fuskarsa cike da alfahari.

"Na ji tashin duniya. Ango, ina salansarta?"

"Na cire. Shaƙe ta take yi."

"Kai da ka mare hannuna ina 'yar shekara tara don na ce a cire salansar babur ya yi ƙara? Ka ce aikin 'yan iska ne."

"Ashe kin riƙe marin. Mace mai riƙo, Allah ya raba ni da ke."

"Amin, in huta da wankin rigar bara."

Ta fara bincike. Ta ciro matatar iska, tsaf take. Ta duba matatar mai, sabuwa ce. Ta zaro sandar auna baƙin mai ta murza tsakanin yatsunta, ta leƙa ruwan lagireto, ta taɓa bel. Ina kallon fuskarta ina jira ta ce injin ya ƙare, amma sai ƙara haɗe gira take yi.

"Ban so in faɗa ba," ta ce, "amma ko motar asibiti ba a kula da ita haka."

"Maimaita, ubanki bai ji ba."

"Ba na maimaita kuskure."

Daga nan ta durƙusa gefen famfon dizal, wanda ke aika wa inji mai a daidai lokacin da yake buƙata. Ta goge shi da tsumma, ta haska da fitilar wayarta, ta daɗe tana kallo. Ta yafito ni da hannu. A jikin ƙarfen, inda famfon ya haɗu da injin, akwai wani tsohon zane mai zurfi da aka sara da kurfi. Gaba da shi kuma ga wasu ƙananan zane guda bakwai a jere, sababbi, kowanne ya ɗan wuce na bayansa. Ta yi min bayani a gajarce: ana iya sassauta notunan famfon a juya shi kaɗan, amma in aka wuce ƙima sai man ya riga lokacinsa shiga. Inji ya yi ta ƙwanƙwasa, ƙara ta ƙaru, ƙarfi kuma ya gudu.

Ta miƙe ta fuskanci kakanta. "Wa ya yi wannan babban zanen?"

"Wa zai yi in ba ni ba? Shekara talatin ke nan. Nan ne daidai, na saurara da kunnena na sara."

"To waɗannan ƙananan bakwai ɗin fa, 'ya'yansa ne?"

"Muryarta ce ke raguwa. Tsufa ya fara kama ta. Duk sanda na ji ta yi sanyi sai in juya famfon kaɗan, in yi alama, ta dawo hayyacinta. Bayan wata guda ta sake yin sanyi."

"Sanyi?" na ce daga inda nake tsaye a bayansa. "Baba, mai gidan can fa ya mayar da ɗakin kwanansa ɗaya gefen saboda Ɓauna."

Ko waiwayowa bai yi ba. Na saba da wannan. Kusan shekara guda ke nan in na gaishe shi daga bakin ƙofa ba ya amsawa, in na yi magana ya share ni. Na riga na yanke cewa fushi yake da ni tun da na fara zancen sayar da taraktar, ni ma sai na ɗauke kai, na rage shiga wurinsa.

Baba ya sunkuya kan akwatin kayan aikinsa yana neman wani abu. 'Yata ta zagaya ta tsaya a bayansa, taku uku tsakaninsu, ta ɗaga murya.

"Ango, na yi sabon miji mai haƙora talatin da biyu. Yau zan bar ka."

Shiru. Sai ƙarar sifanu da yake jujjuyawa.

"Kuma hular nan taka da ita zan goge baƙin mai kafin in tafi."

Ya ci gaba da bincikensa, har da ɗan rera waƙa ƙasa-ƙasa. Tun da aka haifi yarinyar nan ban taɓa ganin ta jefa masa magana ta faɗi ƙasa ba. Ko yana tsakiyar cin abinci sai ya haɗiye ya rama. Ta dube ni na dube ta. Na tuna safiya nawa na tsaya a ƙofarsa na yi gaisuwa ga bayansa, na juya ina huci. Kunya ta kama ni har na rasa inda zan sa idona.

Na buɗe baki, ta ɗora yatsa a leɓenta. Ta zaga gabansa ta yadda zai ga bakinta.

"Ango, matsa ka ba ƙwararru wuri. Je ka sha shayi, ka dawo bayan rabin awa."

"In bar ki da ita ku biyu? Ki sace mata dawakai ki kai wa babur ɗin mijinki?"

"Wane dawakai? Jakunan?"

"Nan zan zauna. Idona na kanki."

Ya kife bokiti a bayan babbar tayar baya ya zauna. Ni aka aika in nemo salansa. Na same ta jingine a bayan rumfa, kaza ta yi ƙwai huɗu a gindinta. Na ɗauko ta a kafaɗa, tsatsa na zubo min a wuya.

"Kin ga ubanki," in ji Baba. "Shekara hamsin ina neman aikin da ya iya, yau na samu."

"Ka bar min Abbana. Shi kaɗai ne a gidan nan bai taɓa cire salansa ba."

"Bai san inda take ba ne. Ke, ba da wannan sifanar ba! Sha uku ce."

"Sha huɗu ce."

"Sha uku."

Ta gwada sha huɗu, ta zame. Ta ɗauki sha uku.

"Na ji kin yi shiru, amarya."

"Ina yi wa tsofaffi ladabi ne sau ɗaya a shekara. Na bana ya wuce."

Ta sassauta notunan, ta juya famfon a hankali ya koma kan tsohon zanen, ta ɗaure. Muka ɗora salansa, na riƙe ta ɗaure ƙusoshin. Rana ta take, an fara kiran azahar. Baba ya tashi korar kazar da ta biyo salansarta tana masifa. Kafin ya dawo 'yata ta hau ta murɗa makulli.

Ɓauna ta tashi a bugu ɗaya. Wannan ce muryar da na sani ina yaro, mai kauri, a natse, wadda mutum zai iya hira a gefenta. Hayaƙin ya yi baƙi sau ɗaya ya washe. Baba ya dawo ya zauna kan bokitinsa a bayan taya, ya ɗaga kai ya dubi bututun hayaƙi, bai ga komai ba.

"To me kike jira?" ya ce. "Ki tayar mana mu ji. Ko kin kashe min ita?"

Na ɗauka za ta yi dariya, don irin wannan damar ba ta wuce ta. Ba ta yi ba. Ta sauko, ta kama hannunsa ta tashe shi, ta ja shi zuwa gaban taraktar, ta ɗora tafinsa a kan bonet. Na ga yatsunsa suna rawa tare da ƙarfen. Ya ɗaga sukundireban ya kai rabin hanyar kunnensa, sai ya sauke shi.

"Dawakin suna nan, Ango, saba'in da biyar cif," ta ce, tana kallon idonsa. "Kunnen mai dawakin ne ya tafi kiwo."

"Yaushe kika gane?"

"Ɗazu, da na ce zan bar ka ka yi shiru."

"Kin ce haka?"

"Har da hularka na zaga."

"A bayana? Matsoraciya! Maimaita a gabana in kin isa."

"Na ce na yi sabon miji mai haƙora talatin da biyu."

"Allah ya jiƙansa. Girkinki zai zubar masa da su kafin wata."

Ajiyar zuciya ta ƙwace min. Muryarsa ta ɗan karye a tsakiya, amma ya rama, kuma shi ke nan abin da take nema. Har yanzu tafinsa na kan bonet. Ya lumshe ido yadda yake yi da can, ya matsa hannun gaba kaɗan, ya dawo da shi baya.

"Ɗingishi take yi," ya ce.

"Wa?"

"Ɓauna. Bututu na uku ba ya samun rabonsa na mai daidai."

"Haba Ango. Ni da ke da kunne biyu ban ji komai ba."

"Naki kunnen na sa 'yan kunne ne. Tafina bai kurumce ba. Duba."

Ta yi tsaki ta sunkuya, ta bi siraran bututun ƙarfen da ke kai dizal kan injin ɗaya bayan ɗaya. A na ukun ta shafa yatsa ta ɗago, a jiƙe yake. Notin ya saki saboda girgizar wata takwas. Ta ɗaure shi, sai muryar injin ta ƙara daidaita, har ni da ban san komai ba na ji bambanci.

"Faɗi," in ji Baba.

"Sa'a ce."

"Faɗi, Baƙin Mai."

"Akwatina ba zai gano wannan ba. Shi ke nan, ka ji daɗi?"

"Ban ji ba. Kin san kunnena ya tafi kiwo. Sake faɗa da ƙarfi."

Aka ɗaura garma. Ya hau kujerarsa, ita ta ɗare kan murfin taya a gefensa tana riƙe da kafaɗarsa, wai kada iska ta kwashe shi. Suka fita ta ƙofar baya zuwa bakin gona. Daidai lokacin da ya saukar da garma, babbar motar mai sayen ƙarafa ta shigo layinmu. Ɓauna ta yi gurnani, ta dafe ƙasa, ta ja. Ƙasa ta riƙa kifewa a bayanta baƙa, layi uku a jere. A tsakiyar gonar akwai wurin da ya fi tauri, inda kullum take mutuwa. Na riƙe numfashi, ni da na kira a zo a yanka ta. Baba ya ɗan taɓa totur ya ƙara mata mai, ta wuce kamar ba ta ga wurin ba. Da suka kai ƙarshe bai tsaya ba, ya juyo ya sake yin wani layin don gori.

Mai sayen ƙarafa ya zo ya tsaya kusa da ni yana goge gumi. "Ina ƙarfen da za a ɗauka?"

"Ga shi can bisa kujera," in ji 'yata tana dirowa. "Amma ya yi tsatsa, ba zai yi maka nauyi ba."

Baba ya kashe inji ya sauko a hankali. Bai ji abin da ta ce ba, amma ya ga bakinta, ya kuma san halinta. "Ɗauki wannan," ya ce wa mutumin yana nuna ta. "Kyauta na ba ka. In ta fara magana a hanya kada ka dawo min da ita."

Na ba mutumin haƙuri na raka shi har mota. Da na dawo rumfa na tarar Baba ya zaro dogon sukundireban yana goge shi da bakin rigarsa. Ya miƙa mata da hannu biyu.

"Karɓi. Wannan ne kunnena na gaske. Wancan ya yi ritaya."

Ta tsaya tana kallon mariƙin da ya yi sumul. "Shekara talatin da aure, sai yau na ga kyauta. Ita ma tsohon ƙarfe."

"Ta fi ƙarfin sadakinki."

Ta karɓa, ta juya baya wai tana neman wuri a jaka. Da ta juyo akwai baƙin mai a ƙarƙashin idonta, inda ta goge da bayan hannu.

"Jibi zan zo in kai ka asibiti a sa maka na'urar ji," ta ce.

"Ni inji ne da za a sa min kaya?"

"Tsohon inji ma, wanda aka daina yin kayan gyaransa."

"Zan je da sharaɗi ɗaya. A ba ni mai makunni, in riƙa kashewa in na hango ki."

Ta fashe da dariya, shi ma ya biye mata har yana riƙe da bonet. "Na sallama," ya ce. "Kin ci yau. Amma na uku nawa ne."

Na jira dariyar ta lafa. Sannan na zagayo gabansa, na durƙusa inda zai ga fuskata sosai, na ɗaga murya na ce, "Baba, ina wuni?"

Ya dube ni daga sama har ƙasa, ya daɗe.

"Lafiya lau," ya ce. "Ashe ka iya gaisuwa. Shekara guda ina cewa a raina, me na yi wa yaron nan ya daina gaishe ni?"